Ko Sitikar NFC Za Ta Iya Rufe Bakin Wayoyi a Masallaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, kuma ƙarar waya a cikin salla ta addabe mu. Wani yaro ya nuna mini bidiyon wata 'yar sitika da ake kira NFC, wai da ka kara waya a kanta sai wayar ta yi abin da aka umarce ta. In muka manna ta a ƙofar masallaci, za ta kashe ƙarar wayar duk wanda ya shigo? Ina kuma da shagon atamfa, ko za ta yi mini amfani a can? Sannan ba a satar kuɗin mutum da ita?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan hidimar masallaci. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba, don kada kwamiti ya taɓa kuɗin jama'a a kan tsammani: sitikar ba za ta kashe ƙarar wayar duk wanda ya shigo ba. Wanda kawai za ta yi wa aiki shi ne mutumin da wayarsa ke da NFC, ya zauna tun da farko ya koya wa wayar abin da za ta yi in ta haɗu da sitikar, sannan ya ciro ta daga aljihu ya kara ta da hannunsa. Bidiyon da yaron ya nuna maka gaskiya ne, sai dai an ɓoye rabin aikin, wato wanda aka yi a cikin waya kafin a kunna kyamara. Na daɗe ina gyaran waya, ni ma kuma ina amfani da sitikun nan kullum, don haka zan warware maka zare da abawa.

In ka samu ɗaya, ɓare takardar bayanta ka ɗaga ta saitin hasken rana. Za ka ga wani siririn zare mai ƙyalli, galibi na alminiyum, an naɗe shi zagaye-zagaye a gefen sitikar kamar igiyar guga da aka naɗe a ƙasa. Wannan ita ce eriya. A inda bakin zaren biyu suka haɗu akwai wani baƙin ɗigo da bai kai ƙwayar riɗi ba, shi ne cif ɗin, ƙwaƙwalwar abin ke nan gaba ɗaya. Babu batir, babu layin waya, babu data. A bayan wayarka ma akwai irin wannan naɗaɗɗen zare. Idan waya tana kunne, zarenta yana fitar da filin maganaɗisu mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa ɗaya. Da zaren sitika ya shiga wannan fili sai 'yar wuta ta taso a cikinsa, daidai yadda taransifoma ke miƙa wuta daga naɗi ɗaya zuwa ɗaya ba tare da wayoyin sun taɓa juna ba. Da wannan 'yar wutar aro cif yake farkawa, ya faɗi abin da ke cikinsa, ka janye waya ya koma barci.

Filin nan ba ya nisa. A rubuce ana cewa kimanin santimita 4 ne, amma da ƙaramar sitika da waya mai rigar roba, sai ka ga sai sun kusa manne da juna. Da gangan aka yi shi haka tun lokacin da Nokia da Philips da Sony suka kafa ƙungiyar NFC Forum a 2004, don kada abu ya faru sai mai waya ya nufa. Saboda haka wayar da ke aljihun mai wucewa ta ƙofa ba ta ma san da sitikar ba. Ƙari a kan haka, wayar Android ba ta karanta sitika sai allonta na kunne kuma an buɗe makullinta, iPhone ma tana bukatar allo ya haska.

To me cif ɗin yake faɗa in ya farka? Abu biyu. Na farko lambar shaidarsa, wadda aka sa masa tun daga masana'anta. Na biyu ɗan rubutun da ka zuba masa, in ka zuba. Shi ke nan. Ka ɗauke shi kamar ƙararrawar makaranta. Ƙarfen da ake bugawa bai san jadawalin darasi ba, ɗalibai ne suka san cewa bugun ƙarfe goma na fita hutu ne, na ƙarfe biyu kuma na tashi. Baƙon da ya zo wucewa zai ji ƙara, amma ba za ta sa shi yin komai ba. Haka wayar da ba a saita ba: za ta ɗan yi motsi, wataƙila ta nuna cewa ta ga sitika, ta tsaya a nan.

Akwai 'yan ayyuka da kusan kowace waya mai NFC ta iya ba sai an koya mata ba, domin an yi ittifaƙi a kan tsarin rubuta su, wanda ake kira NDEF. Adireshin shafin intanet, lambar waya, saƙon tes, adireshin imel. Android tana ƙara da katin suna da lamba, da kuma shiga Wi-Fi ba tare da an buga kalmar sirri ba, abin da iPhone ba ta yi da kanta daga sitika. Amma taɓa saitin waya, irin su kashe ƙara, kunna tocila ko saita agogon tashi, kamfanonin waya ba su yarda wata takarda da aka manna a bango ta yi shi kai tsaye ba. Ni kuma ina ganin sun yi daidai. Da sitikar masallacinku za ta iya kashe ƙarar wayar baƙo ba da izininsa ba, da ta ɗan damfara a tashar mota ma za ta iya yin abin da ya fi haka muni.

Kafin komai ma, duba ko wayarka na da NFC. Fasahar ta daɗe, Nexus S ta Google ta zo da ita tun 2010, amma har yau wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa, irin waɗanda suka cika kantunan Farm Centre a Kano, ba su da ita. Wani lokaci ma suna ɗaya, samfuri ɗaya, wadda aka kai wata ƙasa tana da shi, wadda aka kawo mana babu. Kada ka dogara da kwali ko bakin mai sayarwa. Shiga wurin saiti, ka rubuta NFC a gurbin bincike. In ya fito, kunna shi, ka sauke manhajar NFC Tools, ka ɗora katin bankinka mai alamar nan ta lanƙwasassun layuka a bayan wayar kana zagayawa da shi a hankali. Inda ta yi motsi, nan eriyarta take. A yawancin Android tsakiyar baya ne ko kusa da kyamara, a iPhone kuwa can saman kai ne. Mutane da yawa da suke kawo mini ƙorafin cewa sitika ba ta aiki, wurin da suke karawa ne ba daidai ba.

Mai iPhone aikinsa ya fi sauƙi, in dai daga XS ko XR na 2018 ne zuwa sama. Apple ta sa NFC tun a iPhone 6 a 2014, amma ta kulle shi a kan biyan kuɗi kawai, sai a 2017, da iOS 11, aka fara barin manhajoji su karanta sitika, a 2019 kuma, da iOS 13, aka buɗe wannan ƙofa ta saita waya da sitika. Ka buɗe manhajar Shortcuts, ka shiga sashen Automation, ka zaɓi NFC, ka kara sitikar, ka raɗa mata suna, sannan ka jera ayyukan da kake so, ka kuma zaɓi ya riƙa gudana nan take ba sai ya tambaye ka ba. Abin lura a nan, iPhone ba ta rubuta komai a cikin sitikar. Lambar shaidarta kawai take haddacewa. Shi ya sa sitika ɗaya za ta iya kashe ƙara a wayarka, a wayar ɗanka kuma ta buɗe masa karatun Alƙur'ani, ba tare da ɗaya ya shiga hurumin ɗaya ba. Ka sani kuma, ɗan makunnin nan na gefen tsofaffin iPhone da ake turawa da yatsa, manhaja ba ta iya motsa shi. Abin da za ka kunna shi ne Focus, wato yanayin kada a dame ni, ka sa masa lokacin da zai sauka.

A Android sai ka sauke manhaja. MacroDroid ta fi sauƙin koyo, Tasker ta fi zurfi amma ta kuɗi ce kuma tana son haƙuri, sai NFC Tools da 'yar'uwarta NFC Tasks. Wasu cikinsu suna rubuta umarnin a cikin sitikar, amma ko a hakan wayar da ba ta da manhajar ba za ta aiwatar ba, iyaka wani lokaci ta kai mutum Play Store. Dole ka ba manhajar izinin taɓa yanayin kada a dame ni, ka kuma cire ta daga jerin waɗanda waya ke kashewa don tattalin batir. Wayoyin da muka fi riƙewa a nan suna da zafin hannu wajen kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage, sai ka saita abu ya yi kwana biyu yana tafiya lafiya, rana ta uku ya yi shiru. Sannan in ka ga tsohon bidiyo ana kunna Wi-Fi da kashe shi da sitika, kada ka yi mamaki in taka ta ƙi. Tun Android 10, a 2019, Google ta hana sababbin manhajoji yin hakan kai tsaye, ta kuma yi wa Bluetooth irin wannan takunkumi a Android 13. Ƙarar waya, hasken allo, agogon tashi, buɗe manhaja da shirya saƙo, waɗannan duk suna nan suna aiki.

Mu koma masallaci. Abin da za ku iya yi shi ne ku manna sitika ɗaya a jikin katako kusa da inda ake ajiye takalma, duk mai so ya yi mata rajista a wayarsa sau ɗaya. Amma gaskiya ɗaya ce, Malam, mutumin da ya tuna ya ciro waya, ya buɗe makulli, ya kara a sitika, ai da ma ba shi ne matsalarku ba. Wayar da ke katse wa liman karatu ta wanda ya manta ce, kuma sau da yawa ƙaramar waya ce mai madannai a aljihun dattijo, wadda babu ruwanta da NFC. A kan wannan, tunatarwar liman kafin kabbara da rubutu babba a ƙofa sun fi kowace sitika. Ga masu manyan wayoyi kuma, akwai jadawalin shiru da ke cikin wayar kanta, wanda ke kashe ƙara a lokutan da ka sa masa ko da ka manta, sai dai ka riƙa gyara shi in lokutan salla sun matsa.

Duk da haka ni ina amfani da ita don salla, kuma ga dalilina. Mutane da yawa ba ƙin kashe ƙarar suke yi ba, tsoron mantuwar kunnawa suke yi. Mutum ya kashe don azahar, sai la'asar ya tarar da kira bakwai, ciki har da na mai kawo kaya da ya gaji ya tafi wani shagon. Daga ranar ya daina kashewa. Tawa tana rataye a zoben makullan shago, irin mai jikin roba. In na ja ƙofa na kulle, makullan suna hannuna, sai in goga su a bayan waya: ƙara ta mutu, ta jira minti 25, ta dawo da kanta yadda take. Ta Juma'a daban take, tana manne a cikin murfin akwatin hulunana, ita awa ɗaya da rabi na sa mata. Amfanin abin ke nan a wurina, ka haɗa aiki uku ko huɗu a taɓi ɗaya, ka ɗora shi a kan abin da hannunka ya saba taɓawa. Akwai wata a gefen gadona, mai rage hasken allo, ta kashe ƙarar saƙonni, ta saita agogon asuba. Wata mata da ke jinyar mahaifiyarta na manna mata ɗaya a murfin robar magani, duk sanda ta ba da maganin ta kara waya, sai wayar ta rubuta rana da lokaci. Gardamar an ba Hajiya na safe ko ba a ba ta ba, tsakaninta da ƙannenta, a nan ta ƙare.

In za ka saya, nemi wadda aka rubuta NTAG213, NTAG215 ko NTAG216, duka na kamfanin NXP na ƙasar Holan. Bambancinsu girman ciki ne: ta farko bayit 144, ta biyu 504, ta uku 888. Harafin boko ɗaya bayit ɗaya yake ci, amma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, bibbiyu suke ci, haka ma haruffan Larabci. Don aikin saita waya da adireshin shafi, NTAG213 ta isa har da saura, tana ɗaukar adireshi mai haruffa kusan 130. Kamfanin ya ce ana iya gogewa a sake rubutawa har sau 100,000, rubutun kuma ya zauna shekara 10. Ka guji wadda aka rubuta MIFARE Classic ko da ta fi araha, don ba kowace waya ke karanta ta ba. Samsung da kanta ta taɓa faɗawa wannan rami: sitikunta na TecTiles da ta fitar a 2012 da irin wannan cif aka yi su, da Galaxy S4 ta fito a 2013 sai ta kasa karanta su, dole aka sake fitar da wasu.

Sai maganar ƙarfe, wadda ta shafe ku kai tsaye tunda ƙofofin masallatanmu da shagunanmu kusan duk na ƙarfe ne. Wani mai kantin kayan masarufi ya taɓa kirana, ransa a ɓace, wai an sayar masa da jabu. Na je na tarar ya manna guda uku a jere a jikin ƙofar ƙarfe, duk ba mai motsi. Na ciro ta huɗu daga leda, na ɗora a kan bencin katako, wayarsa ta karanta nan take. Ƙarfe yana shanye filin maganaɗisun ne, ya hana cif samun wutar farkawa. Da ya sa farce zai ɓamɓaro waɗancan, zaren eriyar ya tsinke, duka ukun suka tashi aiki. Akwai wadda aka yi musamman don ƙarfe, mai wani baƙin shafi a bayanta da ke raba ta da ƙarfen, ta fi kauri kaɗan kuma ta fi tsada. In ba ka same ta ba, kafa ɗan katako mai kauri ka manna a kai. In a waje ne, inda rana da ruwan damina ke duka, ɗauki mai jikin roba mai tauri, don ta takarda gam ɗinta ke fara saki. A gaban mota ma haka, zafin watan Afrilu yana ɗago ta.

Shagon atamfa kuwa, nan ne za ka ga amfaninta ga baƙo, domin aikin na irin wanda kusan kowace waya mai NFC ta iya ne. Rubuta mata adireshin WhatsApp ɗinka: wa.me, sai karan tsaye mai jirge, sai lambarka da 234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba. Mai ciniki ya kara wayarsa, hirarku ta buɗe, ka riƙa tura masa hoton sabon kaya in ya sauka. Ko ka sa adireshin shafin shagonka na Instagram ko Facebook. Amma ka buga lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamara, mai ɗauke da adireshin ka manna a gefenta, saboda kusan kowace babbar waya mai kyamara tana iya karanta QR, kuma kuɗin bugawa kawai za ka kashe. In aka ce in zaɓar maka ɗaya a kasuwarmu ta yau, QR zan zaɓa. Lambar asusun banki kuma ka bar ta a rubuce ɓaro-ɓaro a kwali, da sunanka a ƙasa. iPhone ba ta nuna rubutu zalla daga sitika sai da manhaja, sannan abin da ido ba ya gani yana da sauƙin musanyawa.

Wannan musanya ita ce haɗarin gaske. Sitikar da ba a kulle ba, duk mai waya da manhajar kyauta zai iya goge abin da ka rubuta ya sa nasa cikin daƙiƙa biyu, kana can kana auna yadi. Kulli iri biyu ne. Akwai na kalmar sirri, wanda za ka iya buɗewa ka gyara. Akwai kuma na dindindin, wanda in ka danna shi ko kamfanin da ya ƙera cif ɗin ba zai iya warwarewa ba. Wani tela ya kawo mini guda ashirin da ya kulle da na dindindin, ashe ya tsallake lamba ɗaya a lambar wayarsa. Ba abin da na iya yi masa, shara suka tafi. Ka rubuta, ka gwada da waya biyu ko uku, sannan ka kulle. Ko bayan kullewa ka riƙa gwadawa lokaci-lokaci, don mugu yana iya manna tasa a kan taka.

Batun satar kuɗi: sitika da kanta ba ta iya cire ko kobo daga asusunka. Ba ta da hanyar shiga manhajar banki, ba ta kuma iya karanta katin da ke aljihunka, tunda ita ma jiran wuta take daga waya. Abin da za ta iya shi ne ta kai ka shafin bogi mai kama da na bankinka, ka zuba lambobinka da hannunka. Don haka in ka kara waya a sitikar da ba ka san mai ita ba, karanta adireshin da ya fito kafin ka danna, kuma duk shafin da ya nemi lambar sirri ko lambar da banki ya turo maka ta tes, rufe shi. An taɓa samun ɓaraka ta gaske a 2012, lokacin da wani mai bincike ya nuna a wani taro a Ajantina cewa lambar USSD, irin mai alamar tauraro da ake dannawa a waya, da aka ɓoye a sitika tana iya goge duk abin da ke cikin wasu wayoyin Samsung. An toshe wannan tuni, amma ya isa dalilin da zai sa ka riƙa sabunta wayarka in ta nema. Kai ma kada ka rubuta sirrinka a ciki. Na ga masu zuba lambar USSD ta tura kuɗi har da lambar sirrinsu a sitika, wai don sauri, alhali duk wanda ya kara waya zai karance ta tsaf. Haka kuma kada ka ɗora buɗe ƙofar gida ko shago a kan lambar shaidar irin wannan sitika, domin ana iya kwaikwayonta. Masu wannan aiki cif daban suke amfani da shi, irin NTAG 424 DNA, mai sauya saƙonsa duk taɓi.

Shawarata, kada ku kai maganar gaban kwamiti tukuna. Sayi NTAG213 guda biyar da kuɗinka, ɗaya mai zoben makulli. Sa wa mai zoben shirun minti 25, ka yi sati biyu kana zuwa salla da ita. Ɗaya ka rubuta mata adireshin WhatsApp, ka manna a teburin shago da QR a gefe, ka lura da wadda masu ciniki suka fi kai waya gare ta. Sauran ukun ka ajiye su a ledarsu, don ta farko da mutum ya manna ba kasafai take zama a wurin da ya dace ba. In wayarka Android ce kuma MacroDroid ta ƙi kashe ƙarar, fara duba izinin kada a dame ni, a nan matsalar ta fi maƙalewa.